In aure ya mutu, ga yadda za ki bi hakkin yaranki a Kamaru

Yar uwa, abu na farko tun kafin ki fara zancen kotu, ki tattara takardun haihuwar yaran nan, akt dinsu na meri, wato ofishin magajin gari, ki ajiye a hannunki. Wallahi mata da yawa a Garwa da Marwa nan suke makalewa, an daura aure a gida an yi fatiha amma ba a je meri ba, yaro ya shekara bakwai babu akt, to da me za ki nuna wa alkali waye ubansa? In ba a yi akt din da wuri ba har lokaci ya wuce, sai kotu ta ba da hukunci sannan meri ta rubuta, ki fara da wannan.

Sannan ki nemi sulhu. Manyan dangi, liman, ko alkalin fadar Lamido. A Malikiyya da muke bi uwa ce ta fi cancanta da riko, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, in uwar ta sake aure sai riko ya koma wajen kaka ta wajen uwa, ba wai uba ya kwashe su ya kai wa amarya ba kamar yadda ake yi. Ci da sutura da magani da kudin lekol, wato makaranta, kuwa na wuyan uba ne ko yaran suna ina. Duk abin da aka yarda a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, don maganar baki ba ta wuce wata uku.

In uban ya ki, ki je ofishin jin dadin jama'a na unguwarku, su kan kira shi a zauna. In nan ma bai yi ba sai kotu, ita maslahar yaro take dubawa kuma ita za ta yanka kudin wata gwargwadon karfinsa. To nan ne takardar hukunci take da amfani, domin dokar laifuka ta 2016, sashe na 180, ta ce wanda kotu ta yanka wa kudin ciyarwa ya wuce wata 2 bai biya duka ba, ana iya daure shi wata 1 zuwa shekara 1, ko tarar sefa 20,000 zuwa 400,000, ko duka biyun. Ba hukunci a hannu, wannan sashen ba zai yi miki aiki ba. Ki ce ya rika turowa ta Orange Money ko MoMo, kar ki goge sakon, da rasidin asibiti da na lekol duk ki adana.

Amma don Allah kar ki hana shi ganin yaransa don bai turo kudi ba, yaran ne suke cutuwa, kuma in kotu ta ba shi ranakun ziyara kika hana, zai iya kai ki kara ke ma.