Ciki da Haihuwa a Amurka: Abin da Ya Kamata Sabuwar Zuwa Ta Sani

Da yawa daga cikin matanmu suna sauka Amurka da tunanin cewa haɗarin haihuwa ya ƙare, tun da ga manyan asibitoci ga na'urori. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ba su nuna haka ga baƙar fata ba: a 2021, cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙaƙe kusan 70 ne suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, fararen fata kuwa kusan 27. Hukumar ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan mace-macen ana iya hana aukuwarsu. Ranar da kika je awo, cikin baƙaƙen za a lissafa ki.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba a cika ɗaukar koken baƙar mace da muhimmanci ba. Serena Williams, baƙar fata shahararriyar mai wasan tanis, da duk sunanta da dukiyarta, sai da ta nace bayan haihuwarta a 2017 kafin aka ɗauki hoton huhunta, aka tarar da gudajin jini. Don haka dauriyar da ake yaba wa mai naƙuda a gida, da kunyar ɗan fari, ba su da amfani a gaban likita. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, haki ko zubar jini mai yawa, duk ki faɗe su nan take, ki kuma maimaita har a duba ki, ko da kin yi watanni da haihuwa. Kunun kanwar jego ma a tambayi likita tukuna, musamman ga mai hawan jini.

Doka tana bayanki. Tun 1986 an hana sashen gaggawa korar mai naƙuda saboda rashin kuɗi ko inshora, kuma asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samo miki tafinta kyauta. Kada a bar yaro ko maƙwabciya su fassara takardar tiyata. Sa hannunki ake nema, na maigida ba ya maye gurbinsa, ko da yake shawararku ta cikin gida tana nan. Aikin tsayar da haihuwa har abada kuwa, idan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ce za ta biya, a ƙa'ida sai an yi kwana 30 da sa hannu, kuma ba a karɓar amincewa ana cikin naƙuda. An kafa wannan sharaɗi ne bayan an gano yadda aka riƙa yi wa baƙaƙen mata aikin ba da saninsu ba.

Tun da Kotun Ƙoli ta soke hukuncin Roe, wanda ya halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, a Yunin 2022, kowace jiha da dokarta kan zubar da ciki. Ko wadda addininta ya raba ta da batun, abin ya shafe ta, domin magani da wankin cikin da ake yi wa mai ɓari su ne dai waɗanda dokar ta taɓa, kuma a jihohi irin su Texas an samu likitocin da suka jinkirta taimako don tsoron shari'a. New York ba ta da wannan takunkumin. Tun a awon farko, ki tambayi likitarki matakin da asibitinsu ke ɗauka idan ɓari ya zo da zubar jini.