Kafin ku sayi injin huda mai batir na gwanjo

Jama'a, na ga kwanan nan da yawanmu na kwasar injin huda da zarto mai batir na gwanjo. Don Allah ku juya cajar ku karanta bayanta tukun. Na Amurka galibi 120V ne, wutarmu kuwa 230V. Kana sokawa sai ƙauri, caja ta tafi. Ku nemi mai 220-240V, ko ku haɗa da taransifoma mai rage wuta.

Kuma kada mai shago ya tsuga muku kuɗi don ya ga an rubuta "20V Max" a jikin batirin. Da shi da 18V duk ɗaya ne, salon talla ne kawai. Batirin kamfanin Makita ba ya shiga injin kamfanin DeWalt, gara mutum ya tsaya kan kamfani guda tun farko.