Katin Costco ba laya ba ne: kurakuran da 'yan uwa ke tafkawa wajen sayen mota a Amurka

Juma'ar da ta wuce, ana idar da salla, wani ƙanena da bai cika shekara biyu a Amurka ba ya ja hannuna zuwa wurin ajiye motoci, baki har kunne, ya nuna min sabuwar motarsa. Ya ce, "Yaya, ta Costco na saya, babu wanda ya ci ko sisina." Na yi masa fatan alheri, na ce ya ɗauko min takardun. Shafi biyu na buɗe na ji gabana ya faɗi, domin ramin da na faɗa shekarun baya, shi ma cikinsa ya rufta. Shi ne na huɗu a bana. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta.

Da farko a gane abin da ake shiga. Costco, katafaren kantin da sai mai katin zama memba ke sayayya a cikinsa, ba ya sayar da mota. Shirin nasa, Costco Auto Program, yana nan tun 1989, kuma wani kamfani ne a San Diego yake tafiyar da shi. Aikinsu dillanci ne: dilolin mota suna biyan kuɗi su shiga shirin, su amince da farashin da za su sayar wa masu kati, kai kuma ka shiga shafinsu ka zaɓi mota, ka sa lambar katinka, a tura ka wurin dila mafi kusa tare da sunan mutumin da zai karɓe ka. Sam's Club, wani kanti irin Costco, shi ma yana da irinsa ta hannun kamfanin TrueCar. Katin Costco dala 65 ne a shekara tun Satumban 2024, babban kuma 130. Shirin yana da amfani, musamman ga wanda Turancinsa bai nuna ba ko wanda ba ya son ja-in-ja. Amma abu ɗaya tak ya daidaita maka, wato kuɗin motar kanta. Duk sauran ciniki yana nan yana jiranka.

Kuskuren farko tun a bakin ƙofa ake yinsa. Mutum ya isa, wanda ya fara tarbarsa da murmushi ya bi shi. Ka nemi wanda aka ba ka sunansa, ka ce a nuna maka takardar farashin masu kati, ka ga lambar da idonka. In aka fara kame-kame, ka juya.

Yanzu ga inda ni aka yanka ni.

Lokacin da na sayi sabuwar motata ta farko, na je da katina ina taƙama. Aka nuna min farashi ƙasa da wanda ke manne a gilashi, na ce alhamdu lillahi, ciniki ya faɗa. Sai aka ce in ɗan jira, za a kai ni ofishin kuɗi "a cike takardu kawai". Na yi kusan awa biyu a kan kujera, yunwa ta ci ni, la'asar na neman kuɓuce min. Yau na san ba banza ake barin mutum ya gaji ba. Da aka shigar da ni, wani mai farar riga da lallausar murya ya juyo min da kwamfuta ya ce, dala 50 kacal za a ƙara a wata, in samu ƙarin garanti, da inshorar GAP, da kariyar fenti, da lambar mota da ake zanawa a gilashi don ɓarayi, har da iskar naitirojin a taya. Dala 50, kuɗin cefanen kwana biyu, na ce a sa. Sai da na koma gida uwargida ta ɗauki waya ta buga 50 sau 72, yawan watannin bashin, ta miƙo min ba ta ce uffan ba. Dala 3,600. Ragin da na samu ta Costco bai kai rabin wannan ba. Na shiga da riba, na fito da asara, kuma da hannuna na sa hannu, ba wanda ya ɗora min wuƙa a wuya.

Ku ji ni da kyau, don Allah. Farashin Costco ba ya bin ka cikin wannan ɗakin. Mutumin da ke ciki ba ma'aikacin takardu ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma galibi ya fi na waje iya ciniki. Iskar da kake shaƙa yanzu kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, a kyauta, amma wai kai ne za ka biya kuɗi a hura maka ita a taya. Sabuwar mota tana zuwa da garantin kamfani, yawanci shekara 3 ko mil 36,000, to gaggawar me ake yi da ƙarin garanti ranar farko? Inshorar GAP tana da amfani ga wanda ya ba da kuɗin gaba kaɗan, domin in mota ta yi raga-raga ita ke cike giɓin da ke tsakanin bashinka da abin da inshora za ta biya, amma kamfanin inshorarka zai iya sa maka ita da arha. Abin da nake yi yanzu, ina cin abinci in yi salla kafin in je, in shiga da 'yar takarda da jimillar kuɗi a rubuce, duk abin da aka ambata in ce a'a, na gode. Ba na kawo dalili. Da zarar ka kawo dalili, ka buɗe masa ƙofar gardama, kuma sana'arsa ke nan.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne amsa tambayar "nawa kake so ka riƙa biya a wata?" Kada ka amsa. In ka ce 450, za a ba ka 450, sai dai a ja bashin zuwa wata 84, shekara bakwai cur kana biyan motar da ta fara tsufa. Kai jimilla za ka tambaya: nawa zan biya gaba ɗaya in fita da motar nan, da haraji, da rajista, da komai? A rubuta maka. Sannan dila yana da damar ɗora nasa a kan kuɗin ruwan da banki ya yanka maka, bambancin ya shiga aljihunsa. Maganinsa ka je bankinka ko ɗaya daga ƙananan bankunan nan na 'yan ƙungiya ka karɓo amincewar bashi kafin ka taka wurin dila. Masu tsoron kada makin bashinsu ya faɗi, wato makin da bankuna ke dubawa kafin su ba da bashi, in ka tattara neman cikin mako biyu, sau ɗaya ake ƙirga shi. Ga wanda ke gudun riba kuma, wani lokaci kamfanonin mota suna ba da bashi marar ruwa ga masu maki mai kyau, sai dai sau da yawa za a ce ka zaɓa tsakaninsa da ragin kuɗi. Hukuncin wannan na malamai ne, ni lissafi na sani.

Akwai wanda ya fi ba ni haushi domin namu ne na gida. Mutum ya ci bashi ya sayi sabuwar mota, wata uku ya ce zai loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Haba malam! Motar da ake bin ta bashi, sunan banki yana kan takardar mallakarta, kuma kwastan na Amurka sai sun ga takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota, in da bashi kuma sai da rubutaccen izinin mai bashin. Wane banki zai bar jinginarsa ta tsallaka teku? Ko da tsaba ka biya, diloli da yawa suna sa ka sa hannu cewa ba za ka fitar da sabuwar mota daga ƙasar ba sai bayan wani lokaci. Mai son tura mota gida, hanyarsa daban ce.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka ɗauka farashin Costco ya fi ko'ina arha, aika wa diloli biyu ko uku saƙo da farashin da aka ba ka, wani lokaci ana karya shi. Tsohuwar motarka, kai ta CarMax, kamfanin saye da sayar da tsofaffin motoci, su yi mata kuɗi a rubuce, tayin yana kwana bakwai, sai ka riƙe shi a aljihu. Kuɗin cike takardu ya danganta da jiha, Kalifoniya ta ƙayyade shi a dala 85, Fulorida kuwa babu iyaka, don haka ka tambaya tun a waya. Kashi 2 cikin ɗari na kuɗin sayayya da Costco ke mayar wa masu babban kati bai shafi mota ba, tunda dila ka biya. Ragi na musamman da ake yi lokaci-lokaci kan wasu motoci yakan buƙaci ka riga ka mallaki kati kafin wata rana, karanta sharaɗin. 

Sai tatsuniyar nan ta cewa kana da kwana uku ka mayar da mota. Dokar tarayya ta kwana uku ba ta shafi motar da ka saya a wurin dila ba. Ka sa hannu, ka tuƙa, taka ce.

Abin da ake iya warwarewa shi ne ƙarin garanti da inshorar GAP. Yawancinsu ana soke su, a mayar da abin da ya rage, a zuba a cikin bashin. Biyan wata ba zai ragu ba, amma bashin zai ƙare da wuri. Na rubuta wa ƙanena wasiƙar sokewa, ranar Litinin za mu kai tare, na kuma gargaɗe shi ya bar min magana. Kuɗin iskar taya dai ya riga ya bi iska.