Yadda Nake Shirya Kadet Kafin Ya Hau Jirgi Karon Farko

Duk yaro ko yarinyar da ta shigo rundunar kadet ta jiragen sama, jirgi ne ya kawo ta. Amma in ka lissafa shekarar kadet, abin da zai yi a sama 'yan mintuna ne. Tashi a ƙaramin jirgin Grob Tutor minti 20 zuwa 30 ne. A jirgi mara inji kuwa, irin wanda ake fizga da waya, sau da yawa ba a kai minti 10 ake saukowa. Sauran watannin duk a ƙasa ake cinye su, tsakanin aji da filin fareti. Shi ya sa idan zan tsara horon sababbin shiga, ranar tashi nake fara sa wa ido, sannan in dawo da baya ina tambayar kaina: me ya kamata yaron nan ya sani kafin a rufe masa murfin jirgi?

Tsarin da nake aikin sa kai a cikinsa na Birtaniya ne, wato Air Training Corps, wadda aka kafa ranar 5 ga Fabrairu, 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kanada ma tana da irinta tun 1941, a Amurka kuma Civil Air Patrol ta buɗe sashen kadet a 1942. Dukansu daga shekara 12 suke ɗaukar yara, maza da mata, kuma shiga ba ya wajabta wa kowa zama soja daga baya. Jirage da dokoki sun bambanta, amma shirin da zan bayyana zai yi maka amfani a kowanne.

Fara da takardu, tun makon farko. Izinin iyaye a rubuce, da takardar bayanin lafiya. Kada ka jira sai an ba rundunarku gurbi, domin gurbin tashi yakan zo ne ba zato, kwana kaɗan kafin ranar, kuma wanda takardarsa ba ta cika ba shi ake bari a gida. Ka tambayi iyaye kai tsaye game da asma, farfaɗiya da ciwon kunne. Akwai kuma iyakar nauyi da tsayi da kowane jirgi ya ƙayyade. Ka auna yara a keɓe, ba a gaban 'yan uwansu ba.

Sai fareti. Wasu masu sa kai suna ba shi rabin daren taro, ni kam minti 20 sun ishe ni, in dai kowane mako ne. Ban damu da yaro ya iya buga ƙafa kamar mai gadin fada ba. Abin da nake nema shi ne in an ce "tsaya" jikinsa ya tsaya kafin ya fara tunanin dalili. A filin jirgi akwai farfela mai juyawa da ido ba ya gani, akwai wayar ƙarfe da za ta iya miƙewa cikin ƙiftawar ido. Wannan nake gaya musu ƙarara, kuma da zarar sun ji dalilin, ƙorafin fareti yakan ragu. Ka bar kofur da saje daga cikin manyan kadet su riƙa ba da umarni, kai ka tsaya gefe kana kallo. Su ma horonsu ke nan.

Darasin da nake daɗewa a kansa shi ne yadda ake sarrafa jirgi, domin matuƙin da zai ɗauke su yakan miƙa musu sandar tuƙi na ɗan lokaci. Yaron da ya san abin da sandar take yi zai tuƙa jirgi da hannunsa. Wanda bai sani ba zai riƙe ta kawai yana zare ido har a karɓe.

Ba na farawa da allo. Ina tsayar da su su buɗe hannuwa kamar fikafikai. A gefen bayan kowane fiffike akwai ƙaramin fallen da ke motsi sama da ƙasa, ana ce masa eleron. In ka karkata sanda hagu, na hagu ya ɗaga, na dama ya sauka, fiffiken hagu ya yi ƙasa, jirgi ya kishingiɗa hagu. Sai su nuna mini da tafin hannunsu. A wutsiya akwai falle na kwance: ka ja sanda wajen cikinka, ya ɗaga, iska ta danne wutsiya, hancin jirgi ya yi sama. Akwai kuma falle na tsaye a wutsiyar, wanda ƙafafu ke juyawa da feda biyu, shi ke kaɗa hanci hagu ko dama. Ina kiran umarni da sauri-sauri, "sanda dama, sanda baya, feda hagu", suna kwaikwaya da jiki har sai kuskure ya ƙare.

Abubuwa biyu ne kusan kowane yaro yake zuwa da su a karkace. Na farko, yana zaton fedar wutsiya ce ke juya jirgi kamar sitiyari. A'a, jirgi yana shan kwana ne da kishingiɗa. Ƙarfin da ke ɗaga shi ya karkata gefe ya ja shi zuwa can, feda gyara kawai take yi. Na biyu ya fi muhimmanci: yana zaton jan sanda baya kullum hawa yake kawowa. Ka ɗaga hanci, gudu ya ragu. Ka ci gaba da ja har kusurwar da fiffike ke tarar iska ta kai wajen digiri 15 ko 16, sai iska ta daina bin bayan fiffiken sumul, ɗagawa ta zube, hanci ya faɗi. Inji lafiyarsa ƙalau, fiffike ne ya daina ɗauka, kuma maganin shi ne a saki sanda gaba. Duk wanda ya taɓa fitar da tafinsa ta tagar mota yana karkata shi ya ji wannan a jikinsa, kuma da shi nake kwatanta musu.

Ƙarfi huɗu da ke aiki a kan jirgi, wato ɗagawa, nauyi, turi da jan iska, suna cikin manhajar kadet, kuma sai sun haddace su. Amma na fi son in tambaye su: jirgi mara inji, me ke tura shi gaba? Sai aji ya yi tsit. Amsar ita ce nauyinsa. Kullum gangara yake yi a cikin iska, a hankali. Irin waɗanda ake horo da su sukan yi tafiyar mita 20 zuwa 30 da wani abu gaba kafin su rasa mita ɗaya ta tsayi. In matuƙi ya sami iska mai ɗumi da ke tashi sama fiye da yadda jirgin ke gangara, sai ya yi ta kewaye a cikinta yana hawa.

Idan rundunarku tana da na'urar kwaikwayon tuƙi, ko da kwamfuta ce da sandar wasa, yi amfani da ita, amma da ƙa'ida. Minti 10 ga kowa, aiki ɗaya tak: riƙe jirgi daidai da layin da sama ta haɗu da ƙasa. Nakan rufe agogunan da ke allon da takarda, domin yaran yanzu ido a allo suka saba, alhali matuƙin ƙaramin jirgi waje yake kallo mafi yawan lokaci. A nan kuma suke koyon miƙa tuƙi. Matuƙi ya ce tuƙi na hannunka, kai ka amsa da baki cewa ka karɓa. In ya ce ya karɓe, ka saki sanda, ka ɗauke ƙafa daga feda, ka faɗa da babbar murya. Ba a yin wannan da gyaɗa kai. Ina sa su maimaita har ya zame musu jiki.

Ka koya musu faɗin inda abu yake da lissafin agogo. Hancin jirgi ƙarfe 12, fiffiken dama ƙarfe 3, wutsiya ƙarfe 6, fiffiken hagu ƙarfe 9. "Jirgi a ƙarfe 2, sama da mu." Matuƙi na son ƙarin ido biyu, kuma yaron da aka ba aiki ba ya samun sukunin jin tsoro.

Rediyo da taswira ba sa buƙatar zurfi a wannan matakin. Su iya haruffan da ake kira a rediyo, Alfa, Birabo, Cali, Delta har ƙarshe, su rubuta sunayensu da su. Su san ana auna tsayi da ƙafa, ƙafa 1,000 kusan mita 305 ce. Abin da ya fi burge su shi ne lambar titin jirgi: titi mai lamba 27 yana fuskantar digiri 270 na kamfas, wato yamma, ɗaya bakinsa kuma 09, gabas. Jirgi yana tashi yana fuskantar iska. To in iska daga yamma take busowa, wane titi za a yi amfani da shi? Ranar da suka isa filin suka hango lambar a ƙasa, da kansu za su faɗa maka.

Daren ƙarshe kafin tafiya, jiki da aljihu nake magana a kai. Su yi barci, su ci abinci mara nauyi, kada su zo da yunwa da sunan gudun amai, domin ciki wayam ya fi saurin tashi. Wanda mura ta toshe wa hanci ya faɗa, saboda kunnensa zai sha wahala wajen saukowa. Gara a ɗage masa. Aljihu kuwa a zazzage shi tas. Kwabo ko biro da ya faɗi cikin jirgi zai iya maƙalewa a hanyar sandar tuƙi, kuma ba za a sake tashi da jirgin ba sai an gano shi. A wurinmu ana goya wa kadet laimar sauka, a nuna masa bidiyon yadda ake fita in ta ɓaci, a sa shi ya gwada. Gaya musu wannan tun a gida, kada su fara jin zancen a can hankalinsu ya tashi. Ka kuma nanata cewa wanda ya ji zuciyarsa na tashi ya gaya wa matuƙi nan take, ya kalli nesa, ya buɗe kafar iska. Jakar amai tana nan, ba abin kunya ba ne, kuma ba a yi wa kowa juyin kifewa a sama sai ya yarda.

A filin jirage marasa inji akwai dokar da nake ƙauna ƙwarai: kowa, har ƙaramin kadet da ya zo yau, yana da ikon ɗaga hannu ya yi ihun "tsaya" in ya ga abin da bai gamsu da shi ba, kuma dole a dakatar da tashin. Yaran da aka yi wata da watanni ana koya musu bin umarni sukan ji nauyin ɗaga murya a gaban manya. Don haka nake sa su gwada a filin fareti, ni ina ba da umarni, ƙarami ya katse ni da ƙarfi. In muryar ba ta fito ba, a sake.

Yanayi zai soke muku tashi, ba sau ɗaya ba. Hazo, gajimare na ƙasa-ƙasa ko iska mai ƙarfi, sai a wuni a zaune. Ka tafi da shirin ko-ta-kwana: roƙi injiniya ya zagaya da su rumfar jirage, su taɓa eleron da hannunsu, su zauna a kujerar matuƙi, su karanta rahoton yanayin da ya hana su tashi. Waɗanda suka samu tashi kuwa, kada ka bari su shiga mota sai matuƙi ya sa hannu a littafinsu na kadet da ake rubuta tashin da suka yi, da irin jirgin da mintunan da aka yi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, saboda haka a taro na gaba kowannensu ya tsaya gaban waɗanda ba su je ba, ya ba su minti biyar na abin da ya yi da sanda, da abin da ya gani a ƙarfe nawa. Sunayen waɗanda aka soke wa kuma su ne a saman jerin gurbi mai zuwa.