Yadda ake canza katin hoto a tsohuwar kwamfutar wasa ta tafi-da-gidanka

Kafin ka taɓa sukundireba, ka tabbatar katin hoton kwamfutarka, wato abin da ke sarrafa hoton da ke fitowa a sikirin, irin wanda ake iya cirewa ne. Yawancin laftof ɗin wasa, ciki har da kusan duk waɗanda ake ƙerawa yanzu, an manne musu kwakwalwar hoton a jikin fanel da dalma, babu abin da za a zare. Idan mai gyara ya ce zai narka dalmar ya ɗora maka wadda ta fi ƙarfi, ɗauki kayanka ka tafi: ƙafafun ba ɗaya ba ne, layukan wutar ba ɗaya ba ne, BIOS ma, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows, ba ta san baƙuwar ba.

Waɗanda ake iya canza wa su ne masu ramin MXM, wani tsari da Nvidia ta fito da shi a 2004, inda katin ke zaman kansa ana cusa shi kamar RAM. Irinsu Alienware M17x R4 da M18x, da MSI GT60 da GT70, da Clevo P150EM, da Dell Precision M6800. Katin MXM 3.0 kashi biyu ne: nau'in A mai tsawon milimita 70, da nau'in B mai milimita 105, faɗinsu ɗaya, 82. Manyan katuna duk nau'in B ne. Zan yi misali da M17x R4 ta 2012, a ɗaga ta zuwa GTX 980M, katin da ya fito a 2014.

Kada ka yi kwaɗayin GTX 1070. Katunan wannan zuriya ba sa magana kai tsaye da sikirin mai igiyar LVDS (tsohon tsarin igiyar da ke kai hoto sikirin), wanda shi ne a jikin tsofaffin laftof da yawa, kuma wasu daga cikinsu fasalinsu ya sauya, ba sa zama daidai a ramin. A ganina 980M ce iyakar mai hankali.

Duba cajarka tukuna. Katin 980M shi kaɗai yana jan wajen wat 100, don haka kana bukatar cajar Dell ta asali mai wat 240. Cajar Dell tana da siririyar allura a tsakiyar bakinta wadda ke gaya wa kwamfuta ƙarfinta. Jabun cajar da ake haɗo wa kayan tokumbo sau da yawa ba ta aika wannan saƙo, sai kwamfutar ta rage gudu da kanta, kai kuma ka ɗora wa katin laifi. Shiga BIOS ka ga abin da ta rubuta a layin caja. In ba ta gane ta ba, fara sayen caja.

Tun tsohon katin na ciki, mayar da Windows ɗinka tsarin UEFI zalla (sabon tsarin tada kwamfuta, ana zaɓarsa a BIOS), Windows 10 ya fi sauƙi, sannan ka goge tsohon direban hoto, wato manhajar da ke haɗa Windows da katin, ta amfani da manhajar DDU. Kashe kwamfuta, zare caja da batir, danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wuta ta fice. Buɗe murfin ƙasa, cire fankar katin, kwance sukurori huɗu na ƙarfen sanyaya (ƙarfen da ke janye zafin katin) daga mai lamba 4 zuwa mai lamba 1, sai biyun da ke riƙe da katin. Zai ɗago kansa, ka zare shi a karkace. Lokacin hunturu ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa katin, busasshiyar iska tana tara lantarki a jiki.

Yanzu ga inda katuna ke mutuwa. A bayan kowane kati akwai wani ƙarfe mai siffar X wanda sukurorin ƙarfen sanyaya ke shiga. Tsayin ramukansa da zarensu sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wanda ya dace da ƙarfen sanyayarka shi ne na tsohon katinka, don haka ka ɗumama shi da na'urar busar da gashi har gam ɗin ya saki, ka turo shi daga gaba a hankali, ka mayar da shi kan sabon. Kada ka ɓanɓare shi da bakin sukundireba. Ƙananan kayan wuta na kewaye da shi, ɗaya ya fita, aiki ya ƙare. In ka gama, cusa sabon katin a ramin ka ɗaure sukurorinsa biyu.

Sai faya-fayan roba masu tsotse zafi, waɗanda ke kwanciya kan ƙwayoyin RAM na katin da kayan sarrafa wutarsa. Sabon shiga yakan bar tsofaffin a inda suke, alhali kayan sabon katin ba a wurin na tsohon suke ba. Ko kuma ya sayo mai kauri ya shimfiɗa ko'ina, yana ganin yawa shi ne alheri. Fefen da ya wuce kima da rabin milimita kawai ya isa ya ɗage ƙarfen daga kan kwakwalwar, sai ka ga zafi ya haura digiri 90 cikin minti ɗaya kwamfuta ta ɗauke. Sayi kauri uku, milimita 0.5 da 1 da 1.5, masu laushi. Yanka kowanne daidai girman abin da zai rufe, ka cire ledar fuska biyu. Sa ɗigon man sanyaya kamar ƙwayar dawa a tsakiyar kwakwalwar, ɗora ƙarfen, ɗaure 1 zuwa 4 rabi-rabi, sannan ka sake kwancewa ka duba. Man ya kamata ya baje siriri har kusurwa huɗu, kowane fefe kuma ya nuna sawun abin da ya danne shi. Man ya taru a gefe ɗaya? Fefen wancan gefen ya yi kauri. Fefe ba sawu? Ya yi siriri. Goge da sifirit, gyara, maimaita har ya zauna. Man goge baki da wasu ke shafawa ba man sanyaya ba ne.

Tunda kwamfutar a buɗe take, kakkaɓe ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen, ka maida fanka da igiyarta.

In ka kunna, direban Nvidia zai ƙi shiga, ya ce bai ga katin da ya sani ba, saboda lambar wannan kati haɗe da ta wannan laftof ba ta cikin jerinsa. Manhajar NVCleanstall tana da wurin ƙara lambar, ya fi gyaran fayil ɗin INF, inda jerin yake, da hannu. In sikirin ya tsaya baƙi tun daga farko, yawanci matsalar UEFI ce ko vBIOS, wato BIOS ɗin katin kansa, bai dace ba, shi ya sa ake gaya wa mai sayarwa sunan laftof ɗin kafin ya turo. In dole sai ka sauya vBIOS, kada ka fara sai batir a cike, ka san halin wutarmu. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna zafin katin, kunna wasa na rabin awa, zafi ya tsaya ƙasa da digiri 85.

Ka kuma yi lissafi kafin ka biya: kwatanta kuɗin kati da caja da na turowa da farashin laftof tokumbo mai GTX 1650, wadda ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin wannan wahala.