Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gane Ko Magani Yana Aiki

Mutum ya kamu da mura, ya sha wani jiƙo, bayan kwana bakwai ya miƙe garau, sai ya ce jiƙon ne ya warkar da shi. Amma mura takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ko an sha magani ko ba a sha ba. Don haka "na sha na warke" ba ta isa hujja ba. Abin da mai bincike yake fara tambaya shi ne: to waɗanda ba su sha ba fa, yaya suka ƙare?

A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya yi irin wannan kwatanci. Ma'aikatan jirgi suna fama da wata cuta mai sa dasashi ya kumbura yana jini. Ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu-biyu, kowane kashi da abin da ake ba shi. Wasu ruwan teku aka ba su, wasu biyu kuma lemon zaƙi da na tsami. Masu shan lemon ne suka fi saurin farfaɗowa. Da bai jera su gefe da gefe ba, da kowane mai magani ya ci gaba da yabon nasa.

A yau ana raba mutanen gwaji ne ta hanyar ƙuri'a, galibi da kwamfuta. Idan likita ne ya zaɓa, yana iya tura masu ɗan ƙarfi wajen sabon maganin ba tare da ya nufa ba, sai maganin ya sha yabon da bai cancanta ba. Ƙuri'a ba ta san fuskar kowa ba. Sannan ana ɓoye wa majiyyaci da mai duba shi abin da aka bayar: ƙwayar sabon maganin da wadda ake kwatanta ta da ita launi ɗaya, girma ɗaya. Wanda ya san sabon magani ya sha yakan ce ya ji sauƙi tun kafin jikinsa ya canza. In akwai maganin da aka riga aka san yana aiki, da shi ake kwatanta sabon, ba a barin marar lafiya haka nan.

Inda aka fi ruɗin mutane shi ne wajen lissafi, don haka ku natsu a nan. A ce mutum 1,000 sun sha magani, 10 suka kamu da cutar. Wasu 1,000 ba su sha ba, 20 suka kamu. Mai talla zai ce maganin ya rage cutar da rabi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma bambancin mutum 10 ne cikin 1,000, wato sai mutum 100 sun sha kafin ɗaya ya tsira saboda maganin. In yana da tsada ko yana taɓa ƙoda, dole a auna. Kullum ku tambaya: rabin nawa? Ku tambayi yawan waɗanda aka gwada, da waɗanda suka fice kafin ƙarshe, domin sau da yawa wanda maganin ya wahalar ne yake daina zuwa.

A 2020, lokacin korona, mutane suka yi ta rububin kulorokwin. Babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta da ƙuri'a ya nuna cewa ɗan'uwansa hydroxychloroquine bai rage mutuwar waɗanda aka kwantar ba. Tsohon magani mai araha, dexamethasone, shi ne ya rage mutuwar masu na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Izini ma sharaɗi ne. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, iyaye suka kai ƙara cewa ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kowa yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshensa, ya kuma fita duk lokacin da ya so.

Aikin yi: ku saurari tallan magani ɗaya a rediyo ko a kasuwa. Ku rubuta ko mai tallan ya faɗi mutum nawa aka gwada, da kuma su wa aka kwatanta su da su.