Yadda zaka yi wa ɗaki fenti mai kalar shuɗi-kore ya fito da kyau

Kalar nan da ke tsakanin shuɗi da kore, wadda wasu ke cewa ruwan teku, gaskiya tana da daɗin kallo musamman a garuruwanmu irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri inda zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40. Ba wai tana rage zafin ɗaki ba ne, aikin fanka da silin ne wannan, amma in ka shigo daga rana ido na samun hutu, kuma wallahi wannan kaɗai ya isa dalili.

Abu na farko, kar ka zaɓi kala daga katin da ke shagon fenti kawai ka sayi bokiti. Ɗan guntun kati daban, bango guda daban, kala na ƙara ƙarfi in ta cika bango, don haka in ka ga wadda ta kwanta maka a rai to ɗauki wadda ta fi ta haske kaɗan. Sayi ƙaramin gwangwani ka shafa kamar faɗin mita ɗaya a bango biyu, wanda ke kusa da taga da wanda ke lungu, ka bari ya bushe sannan ka duba da safe, da la'asar, da kuma dare in an kawo wuta. Nan ne ainihin maganar take, domin wannan kalar tana bin haske sosai. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, irin mai 3000K (lambar da ake rubutawa a kwalinsa mai nuna kalar haskensa), zai mayar da ita kore-kore har ta ɗan dushe, shi kuma fari tas mai 6500K zai ja ta zuwa shuɗi, wani lokacin ɗakin yayi sanyi da yawa a ido kamar na asibiti. Ni dai na fi son mai 4000K, yana barin kalar yadda take. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, wanda rana ke duka da la'asar, shi ya fi dacewa da ita. In ɗakin na da duhu ko ƙaramar taga ce, kar ka kuskura ka sa mai ƙarfi, ko kuma kayi bango ɗaya kawai sauran ka bar su fari ko ruwan madara.

Kafin mai fenti ya fara, a duba bango. Sabon filasta na buƙatar kamar sati 4 ya bushe, kuma in bangon na tsatsafo da ruwa da damina ko yana fitar da farin gishirin nan, a gyara tukuna in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare. A yi sikiridin, wato shafen da ke daidaita fuskar bango, a goge da sanfefa, a sa firaima, wato shafen farko kafin fenti, saboda fenti baya ɓoye ramuka. Kuma a guji ranar da hazo yayi yawa, ƙura na mannewa a ɗanyen fenti, in dole ne a rufe tagogi.

Lissafin yawa ba wuya. Lita ɗaya ta emulshan, wato fentin bango na ruwa marar sheƙi, na cin kusan murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 shafa biyu zai ci kamar lita 8, wato galan biyu kenan. In gidan akwai yara ko falo ne da ake yawan shiga, sayi fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, emulshan kuwa hannun miya ɗaya ya taɓa shi shikenan. Berger, Dulux, Meyer duk suna da irin kalar, in kuma haɗawa za'a yi a shago toh a haɗa duka lokaci guda, a juye a bokiti ɗaya a gauraya, don haɗi na biyu da wuya yazo daidai da na farko. Dan Allah ka tsaya kan mai fenti wajen ƙara ruwa, abin da aka rubuta a jikin bokitin kawai za'a bi, kuma a bar awa 4 tsakanin shafa ta farko da ta biyu.

Silin da fiofi, wato adon filastar silin (POP), a bar su fari. Kujeru masu katako ruwan ƙasa, kafet ruwan madara, tumtum na jar fata, faranti ko fitilar tagulla, duk suna tafiya da ita suna kawo ɗan ɗumi. Labule kuwa kar a sake sa shuɗi ko kore mai ƙarfi, fari ko ruwan toka mai haske ya wadatar, in kana son ɗan ado sai ka ƙara filon kujera biyu masu ruwan ɗorawa.